Yadda Baƙin Hotunanmu Ya Koma Kore: Tarihin Hoto Da Tawada A Mubi

'Yan uwa, musamman mu da iyaye da kakanni suka taso daga Kano, Katsina, Zariya, Damagaram ko Maraɗi, fatauci ko neman ilimi ya kawo su Mubi, zama ya yi daɗi suka kafa gida. Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da na tabbata kowa ya gani a ɗakin mahaifiyarsa ko a zauren gidansu, sai dai ba kowa ne ya tsaya ya tambayi dalilinsa ba.

A gidajenmu akwai tsofaffin hotuna iri biyu. Akwai na asali, wanda aka ɗauka shekara 50 ko 60 da suka wuce, ya ɗan yi ruwan ƙasa, gefensa ya cinye, amma fuskar mai shi tana nan raɗau, har zanen hularsa kana iya bi da ido. Akwai kuma kwafinsa, wanda wani ɗa ko jika ya kai shagon kwamfuta aka faɗaɗa aka buga, aka sa a firem mai kyau aka rataye. Shi wannan bai cika shekara 5 ba, amma farar rigar tsohon ta koma kore-kore, fuskarsa ta yi shunayya kamar wanda ya sha duka. Dukansu baƙi-da-fari muke kiransu. To yaya aka yi jika ya riga kaka tsufa?

Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. A wurinmu ba ƙarami ba ne. Mu da zama ya kawo nan ba mu da kundin sarauta da ya jera sunayen kakanninmu, ba mu da maroƙan da suka haddace asalinmu a wannan ƙasa. Idan yaro ya tambaya yaushe muka zo, wa ya fara zuwa, ina rumfarsa take a kasuwa, abin da muke ɗaukowa mu nuna masa shi ne hoto. In hoton ya tafi, rabin amsar ta tafi.

Garin da hoto ya iske

Mubi gari ne da ya sha canjin hannu. Yankin Fali da Gude ne da maƙwabtansu, ya zauna ƙarƙashin inuwar daular Mandara, daga baya a zamanin Modibbo Adama ya shiga cikin ƙasar Adamawa. A 1903 Jamusawa suka mamaye shi suka haɗa da Kamaru tasu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 sai Ingilishi suka ƙwace, a 1922 aka damƙa musu riƙon amanar yankin, suna tafiyar da shi tare da Arewacin Nijeriya duk da cewa a takarda ba Nijeriya ba ne. A watan Nuwamba na 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka zaɓi a jinkirta. Aka sake wata a watan Fabrairu na 1961, aka zaɓi Nijeriya, ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya shigo, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwatarsa. Daga nan sai Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991.

Na kawo wannan jeri ne don mai karatu ya gane darajar abin da ke rataye a bangonsa. Hoton da kakanka ya ɗauka a Mubi a 1958, a wata ƙasa ya ɗauka, wadda yau babu ita a taswira.

Kyamarorin farko da suka shigo wannan yanki na jami'an mulkin mallaka ne da 'yan mishan, irin waɗanda suka buɗe tasharsu a Garkiɗa a 1923. Su ne masu ɗauka, mutanen ƙasa su ne abin ɗauka, hotunan kuma Turai da Amurka suka tafi. A bakin teku kuwa sana'ar ta daɗe a hannun 'yan Afirka. George Da Costa ya buɗe situdiyo a Legas a 1895, Jonathan Adagogo Green yana aiki a Bonny a ƙarshen ƙarni na 19, Solomon Alonge ya buɗe tasa a Benin a 1942. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe a 1948, Malick Sidibé ya biyo baya. A garuruwan Arewa galibi mutanen kudu ne suka kawo sana'ar, yaran gari suka koya a hannunsu, kuma abin da manyanmu ke faɗa game da Mubi bai saɓa wa wannan ba.

Kafin situdiyo ta zauna da gindinta akwai mai akwati. Akwatin katako ne mai ƙafa uku, a gindin bishiya ko kusa da ofishin hukuma. Akwatin shi ne kyamara, shi ne kuma ɗakin duhu. Mai hoto zai ɗauke ka a kan takarda, ya cusa hannu ta wani baƙin ƙyalle ya wanke a ciki, hoton ya fito a juye, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Sai ya kafa wannan a gaban akwatin ya sake ɗauka, ya wanke, ya ɗauraye a bokiti ya miƙa maka da danshinsa. Mutanenmu kan je don fasfo na tafiya Makka, ko lasin tuƙi, ko takardar jarrabawa. Akwai kuma dalilin da ya fi shafarmu: baƙo yakan sa babbar rigarsa ranar salla ya je a ɗauke shi, ya ba direba ko ɗan uwa mai tafiya gida, don tsohuwa a Katsina ta gani da idonta cewa ɗanta yana nan lafiya, ya kuma samu abin rufin asiri. Gani ya kori ji.

Zamanin azurfa

Abin da ya kamata mu fara sani shi ne, hoton wancan zamani babu tawada a jikinsa ko ɗigo. Takardar an shafe ta da wani kauri mai ɗauke da gishirin azurfa, wanda haske ke taɓawa. Idan aka haska nagetif a kanta aka tsoma a ruwan magani, wurin da haske ya taɓa sai ya zama ƙananan ƙwayoyin azurfa tsantsa, su ne baƙin da muke gani. Sai a tsoma a magani na biyu, wanda masu hoto ke kira fiksa, ya narkar da sauran gishirin da haske bai taɓa ba. Daga ƙarshe a ɗauraye da ruwa mai yawa. Wato baƙin hular kakanka ƙarfe ne, ɗan uwan na zoben azurfa.

Wannan ma yana canja launi, kuma tun farkon sana'ar ake kuka da shi. An bayyana wa duniya hoto a Faransa a 1839. Shekara 16 kacal bayan haka, a 1855, ƙungiyar masu hoto ta Landan ta kafa kwamiti don ya binciko dalilin da ya sa hotuna ke koɗewa. Abin da suka gano yana nan daram har gobe: ragowar fiksa da ba a ɗauraye sosai ba, da farar wuta da ke cikin iska, da danshi. Fiksa na ɗauke da farar wuta, ita kuwa idan ta daɗe tare da azurfa sai ta mai da ita rawaya ko ruwan ƙasa. To a garin da ruwa sai an ɗebo daga rijiya ko kogin Yadzaram, mai akwati kuma yana ɗauraye hoton mutum 20 a bokiti ɗaya, ba abin mamaki ba ne hotunan fasfo su fi saurin yin rawaya. Na situdiyo da aka ba wa lokaci da ruwa su ne har yau baƙinsu yake nan. Wani lokaci kuma za ka karkata tsohon hoto ka ga gefensa yana walƙiya shuɗi-shuɗi kamar madubi. Azurfar ce ta taso saman takarda saboda danshi da gurɓatar iska.

Amma a lura da abu ɗaya. Tun da abu guda ne ya yi baƙin da tokar hoton gaba ɗaya, idan zai tsufa tare yake tsufa. Ya koma ruwan ƙasa daga sama har ƙasa, ido ya karɓa, har ma ya yi kyau. Wasu masu hoton da gangan suke tsoma shi a maganin farar wuta tun yana sabo ya fito ruwan makuba, kuma irin wannan ya fi na baƙi ƙarko.

Abin da malamanmu suka sani

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tawada ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta gawayi da ƙaro, wadda ake rubuta allo da ita. Garin gawayin ba ya narkewa, yawo yake a cikin ruwan, ƙaro ya riƙe shi a jikin allo ko takarda. Ruwa na wanke ta, amma rana ba ta iya mata komai, in ta shekara 200 baƙa za ka same ta. Akwai kuma wadda ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe, irin haɗin da dukawa ke baƙanta fata da shi. Ita tana kama takarda ƙam, ba ta wankuwa da sauƙi, sai dai da daɗewa takan koma ruwan ƙasa, wani lokaci har ta ci takardar. Wanda ya taɓa buɗe tsofaffin littattafan hannu na gidajen malamai ya ga shafi ɗaya da rubutu biyu, ɗaya baƙi ƙirin, ɗaya ja-ja.

Masu hoto a Turai ma ga gawayin suka koma da suka gaji da koɗewa. Alphonse Poitevin a Faransa a 1855, da Joseph Swan a Ingila a 1864, sun fito da hanyar buga hoto da garin kabon, wato baƙin hayaƙi, kuma hotunan da aka yi ta wannan hanya har yau ba su koɗe ba. Wahalarta da tsadarta ne suka hana ta yaɗuwa. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin shi ne kan maganar gaba ɗaya: akwai launi mai narkewa kamar sukari a shayi, wanda za mu kira rini, akwai kuma launi mai yawo a ruwa kamar gari a kunu, wanda za mu kira gari.

Zuwan mai kala

Daga wajajen shekarun 1980 injunan wanke hoto mai kala suka bazu a manyan biranen Afirka ta Yamma. Mai hoton ƙaramin gari ya zama ɗan aike: ya ɗauka a gidan biki, ya tara fim, ya aika birni a mota, ya jira. Ɗakunan duhu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, domin kowa kala yake so. A hoto mai kala ana cire azurfar gaba ɗaya yayin wanki, abin da ke saura rini ne hawa uku: shuɗi, ja mai ruwan hoda, da rawaya. Su ukun ba sa tsufa tare. A takardun wancan lokaci shuɗin ne kan fara gudu ko da hoton yana rufe a albam, shi ya sa hotunan aure da suna na shekarun 1970 da 1980 suka koma ja-ja kamar an ɗauke su cikin ƙurar jar ƙasa, alhali baƙi-da-farin da ya girme su yana nan.

Sai kwamfuta ta zo ta ƙarasa abin da kala ta fara. Kamfanin Ilford na Ingila, wanda ya shahara da fim da takardar baƙi-da-fari, ya durƙushe a 2004, sai da shugabanninsa suka saye shi a 2005 ya farfaɗo. A 2005 ɗin AgfaPhoto ya karye, Kodak kuma ya daina yin takardar baƙi-da-fari. A nan gida wayar salula ta shigo a 2001, ba a daɗe ba ta zo da kyamara. Wanda yake son a sabunta masa tsohon hoto ba shi da inda za shi sai wurin mai firinta.

Yadda firinta ke haɗa toka

Firinta mai feshin tawada ba ta san ruwan toka ba. Abin da ke cikinta tawada huɗu ce, waɗanda za ka ga an rubuta C, M, Y da K ko BK a jikinsu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Wasu suna da shida, an ƙara shuɗi da ja masu tsarwakakken ruwa. Idan da baƙi kaɗai za ta yi fuska, ɗige-ɗigen za su fito kamar an watsa yashi. Don haka sai ta fesa ƙananan ɗigon shuɗi da ja da rawaya kusa da juna, ido ya haɗa su ya ga toka. A firintoci da yawa, ko an zaɓi baƙi-da-fari a kwamfuta, muddin takardar hoto mai sheƙi ce, da masu launin take aiki. Hoton da ka karɓa da sunan baƙi-da-fari, hoto ne mai kala wanda aka daidaita launukansa uku kamar duwatsun murhu.

Daga nan matsala uku ke tasowa.

Ta farko tun ranar bugu take bayyana. Manhajar da ke tafiyar da firinta an auna ta ne da tawadar kamfanin da ya ƙera ta da kuma takardarsa. Idan aka ɗura wata tawadar daban, wadda janta ya ɗan fi ƙarfi ko shuɗinta ya ɗan gaza, ma'aunin ya karkace. A hoton biki mai atamfa da leshi ba wanda zai lura. A ruwan toka kuwa idon ɗan Adam ba ya yafiya, ƙanƙanin karkata zai gani. Wani lokaci karkatar ba ɗaya ba ce a duk hoton, sai wurin haske ya yi kore, wurin duhu ya yi shunayya. Haka kuma idan ƙurar hunturu ko daɗewa ba aiki ta toshe ƙofar feshin launi ɗaya.

Ta biyu ita ce wadda masana ke kira metamarizim, ni kuwa ina ce mata halin hawainiya. Duk wanda ya taɓa zaɓen hula a shago da dare ƙarƙashin ƙwan lantarki, ta dace da shaddarsa, gari ya waye ya ga hanya daban suka bi, ya san ta. Hasken rana, da na tsohon ƙwai mai jan haske, da na dogon ƙwai, da na fitilar sola, kowanne da irin haɗin launinsa. Tokar da aka haɗa daga launi uku za ta iya daidaita a ƙarƙashin ɗaya ta karkace a ƙarƙashin ɗaya. Ka karɓi hoto a shago yana lafiya, ka fito rana ya yi kore.

Ta uku ita ce tsufa, kuma ƙa'idarta mai sauƙi ce. Idan ja ya gudu, hoton kore zai yi. Idan shuɗi ya gudu, zai yi ruwan goro. Idan rawaya ta gudu, zai yi shuɗi ko shunayya. Dutse ɗaya ya zame, tukunya ta karkata. Abin da ke korar rini kuwa duk muna da shi a wadace: hasken rana mai ƙarfi, zafin Maris da Afrilu, danshin damina da ke sa rini ya yi naso a cikin takarda, da gurɓatacciyar iska. Takardar nan mai bushewa nan take, wadda aka fi so don sauri, tana da ƙananan ƙofofi kamar soso, iska na shiga ta iske rinin a fili.

Yadda aka yi fama da abin a waje

Kada mu ɗauka mu kaɗai abin ya sama. Epson ya fito da firintarsa mai kala ta farko da ta yi suna, Stylus Color, a 1994, masu hoto suka yi murna, sannan suka ga aikinsu yana koɗewa. A 2000 firintocin Stylus Photo 870 da 1270 suka jawo ƙorafi a Amurka da Turai, domin a wasu gidaje hotuna na komawa ruwan goro cikin ɗan lokaci. Da aka bincika sai aka ga iskar ozon ce ke cin shuɗin rinin. A shekarar kuma kamfanin ya fito da 2000P mai tawadar gari, wadda ke da ƙarko sosai, amma baƙi-da-farinta ya yi ƙaurin suna wajen halin hawainiya, a rana sai ya yi kore.

Mafita ta fito daga wurin masu sana'ar da kansu. Wani mai buga hotuna a jihar Vermont ta Amurka, Jon Cone, ya fitar da tsarin da ya kira Piezography a 2000. Dabararsa ita ce a zubar da masu launin gaba ɗaya, a cika gurbin huɗun da baƙi hawa huɗu, daga baƙi ƙirin zuwa toka mai haske. Daga baya ya kai su hawa bakwai. Manyan kamfanoni suka bi sahu: Epson ya ƙara toka ɗaya a 2002, a 2005 ya kai baƙi hawa uku a tawadar da ya kira K3, Canon da HP suka fito da nasu a 2006. Wato bayan shekara 150 an sake komawa ga gawayi. Shi ma kabon tsantsa yana da ɗan ruwan ƙasa a jikinsa, don haka akan ɗiga masa shuɗi da ja kaɗan don ya yi baƙi sosai, in waɗannan suka ragu da daɗewa sai hoton ya ɗan yi ɗumi, irin tsufan hoton azurfa, wanda ido ke karɓa.

Abin da ya iso mu

Waɗancan injuna da tawadarsu tsada gare su. Abin da ya cika shagunanmu shi ne ƙananan firintoci da ake huda wa kwalbar tawada a yi ɗuri da sirinji, daga baya aka riƙa maƙala musu tanki a gefe da siraran tiyo. Dabarar ta bazu a ƙasashe irin namu har Epson ya fara ƙera firinta mai tanki da kansa, ya fara sayarwa a Indunusiya a 2010. Galibin waɗanda ake buga hoto da su a nan tawadar rini suke sha, kuma idan ta kamfani ta ƙare, wadda ta fi araha a kasuwa ake ɗurawa, wani lokaci a kan ragowar wata. Ban ga laifin masu shago ba. Sun sayi inji don hoton fasfo da katin ɗaurin aure, abin da ake buƙata yau a jefar jibi, kuma mu ne muke taya su farashin da ba zai sayi tawada mai kyau ba. Araha dai ba ta ado.

Na taɓa gwada abin da kaina. Na kai hoton kakana guda ɗaya shaguna uku a rana ɗaya. Na farko ya fito da ɗan kore, na biyu da ɗan ja, na uku ya yi daidai a cikin shago amma da na fito waje ya canja fuska. Na yanka kowanne biyu, rabi na sa a cikin littafi, rabi na manna a bango kusa da taga ba tare da gilashi ba. Bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya na jera su. Na cikin littafi suna nan kusan yadda suke, na bango kuwa ba za ka ce uwa ɗaya ta haife su ba. Kowa zai iya yin wannan gwaji da kuɗi kaɗan kafin ya damƙa wa shago dukan albam ɗin gidansu.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa a wurinmu shi ne 2014. Ranar 29 ga Oktoba 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru, da yawa a ƙafa. Wanda ke gudu da yara ba ya tuna albam. A tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin, aka fara dawowa a hankali. Wasu sun iske kayansu, wasu sun iske an kwashe ko an ƙone ko an watsar a tsakar gida. A gidaje da dama abin da ya tsira shi ne hoton hoto, wanda wani ya taɓa ɗauka da waya, ko wanda aka aika wa dangi a gida shekaru aru-aru aka roƙa suka turo ta WhatsApp. Waɗannan aka kai shago aka buga aka rataye. Yau fiye da shekara 10 ke nan, su ne suke komawa kore a idonmu, kuma wayoyin da aka ciro su da yawa sun mutu ko an sayar. Akwai gidan da wannan takarda mai koɗewa ita ce kaɗai fuskar mahaifinsu da ta rage.

Abin yi

Na farko, wanda yake da na asali ya riƙe shi da hannu biyu. Kada a bar shi a shago bayan an yi kwafi, kada a ɗauka sabon ya maye gurbinsa. Kada a yi masa laminatin, domin zafi da gam suna kama fuskar hoton, kuma ba a ɓarewa. A cire shi daga albam mai danƙo, a sa tsakanin farar takarda mai tsabta, a ajiye a akwati nesa da bangon da ke tsatsa da damina, nesa da madafi, a kuma riƙa dubawa saboda gara.

Na biyu, a yi masa sikanin mai kyau a kan injin sikana, gaba da baya, domin sau da yawa hatimin situdiyo da kwanan wata suna bayan. A ajiye fayil ɗin wuri uku: filashi, imel, da hannun wani ɗan uwa a wani gari. Idan za a tura ta WhatsApp a tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi ya rage masa kyau. Wanda kwafi mai kore kaɗai ya rage masa, ya yi sikanin ɗinsa yanzu. Kwamfuta na iya cire koren cikin daƙiƙa, amma ba ta iya dawo da idon da ya riga ya goge.

Na uku, idan za a buga, a tambayi mai shago: tawadar rini ce ko ta gari, ta kamfanin injin ce ko ɗuri? A sa ya buga ƙarami tukuna, a fita da shi rana a duba, a koma ciki a duba. Wanda yake da hali ya aika manyan birane inda ake da injin mai toka hawa-hawa, ko wurin wankin hoto na ruwan magani. Shi ma na ruwan maganin rini ne, amma a rufe yake cikin jikin takarda, ya fi jure iska da danshi. Wanda ba shi da hali, ya ƙara da kwafi ɗaya na firinta mai garin tona baƙi a farar takarda mai kauri. Ba zai yi laushin hoto ba, amma baƙinsa ba ya gudu. Na ratayewa kuma a sa masa gilashi, a kauce wa bangon da rana ke duka.

Na huɗu, kuma shi ne ba ya cin ko kwabo: a zauna da tsofaffin da suka rage a tambaye su wane ne wannan, wace shekara, a wace unguwa, daga wane gari ya zo. A rubuta a bayan hoton da fensir, ba da biro ba, domin biro rini ne, yana naso yana kuma koɗewa. Hoton da babu suna, ko baƙinsa ya kai shekara 100, jikoki za su kalle shi su ce wani tsoho ne.

Ina roƙon duk wanda ke da hoton Mubi na kafin 1961, ko na tsohuwar kasuwa, ko mai hatimin wata tsohuwar situdiyo a bayansa, ya nuna wa dattawan unguwarsu a tantance mutanen da ke ciki tun masu sanin suna raye. Idan muka haɗa abin da ke hannun kowa, ƙila mu iya jera sunayen masu hoton da suka yi aiki a garin nan da shekarunsu, abin da ya cancanci rubutu na musamman. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa.